ABINCIN SANIYAR TATSA DA LAFIYARTA: ABIN DA BINCIKE YA GANO



Maganar da za a yi yau a kan saniyar tatsa ce, da abin da take ci, da yadda jikinta ke juya abincin nan ya zama nono, da kuma cututtukan da ke kama ta idan abincin ya gaza ko aka ba ta shi ba bisa ƙa'ida ba. Magana ce da ta shafi kowa, domin fiye da rabin madarar da ake sha a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta da kuɗi masu yawa, alhali kuwa ga shanu miliyoyi a ƙasa. Muhimmancin sha'anin kiwo ne ya sa a shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa masa ma'aikata ta musamman. Amma duk tsarin da hukuma za ta yi, a hannun mai garke aikin zai ƙare, domin shi ne ke yanke shawarar abin da saniya za ta ci yau da gobe.

Jigon maganar shi ne wannan. Saniya ba ta hana ɗanta nono don tana jin yunwa. Idan abin da ta ci bai isa ba, daga naman jikinta da kitsenta da ƙashinta take ɗiba ta cika. Wannan bashi ne, kuma mai saniya ne ke biyansa daga baya, da ƙarancin nono, da ciwo, da jinkirin haihuwa. Lokacin da bashin ya fi nauyi kuwa shi ne 'yan makonnin da ke kafin haihuwa da waɗanda ke bayanta.

HALIN DA SANIYAR TATSA KE CIKI

Yawancin nonon da ake tatsa a ƙasar nan daga shanun gida yake fitowa, watau Bunaji farare, da Rahaji jajaye masu dogayen ƙaho, da Bokoloji na ƙasar Sakkwato, da Wadara na Larabawan Shuwa, da Kuri na bakin Tafkin Chadi. Shanu ne masu jimirin zafi da doguwar tafiya, waɗanda suka saba da cututtukan ƙasar.

A shekarun 1980 masana na cibiyar binciken dabbobin Afirka da a lokacin ake kira ILCA sun bi garken Fulani mazauna kudancin Jihar Kaduna, suna awo suna rubutawa shekara da shekaru. Sun tarar karsanar Bunaji ba ta yin haihuwar fari sai ta kai wajen shekara 5, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kimanin shekara 2 ne. Nonon da ake tatsa domin ƙwarya, ban da wanda maraƙi ya sha, bai kai lita ɗaya a rana ba, sa'an nan wajen maraƙi ɗaya cikin biyar yakan mutu kafin ya cika shekara.

To, a Shika kusa da Zariya akwai gonar gwajin dabbobi tun 1928, wadda a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A irin wannan gona, inda ake ci da ƙoshi rani da damina, ita wannan Bunajin takan ba da wajen lita 1,000 a shayarwa ɗaya, kuma ba ta daɗewa kafin ta sake ɗaukar ciki. Wadda aka haɗa jininta da na Firisiyan ta ƙasar Holan takan ba da kusan ninki biyu na haka. Ashe ke nan ba a tatso abin da saniyar gida ke iyawa ba tukuna, kuma babban abin da ya bambanta ta ruga da ta gonar gwaji shi ne abinci.

Ga ɗan lissafi. Saniyar da ta fara haihuwa tana da shekara 5, tana kuma haihuwa duk bayan shekara 2, 'ya'ya 5 za ta yi kafin ta wuce shekara 13. Wadda ta fara tana da shekara 4, tana haihuwa duk bayan wata 15, 'ya'ya 8 za ta yi a wannan tsawon lokaci. Maruƙa uku da shayarwa uku ke nan aka yi hasara a kan saniya guda.

ABIN DA KE CIKIN TUMBI

Kafin a gane dalilin haka, sai an san yadda cikin saniya ke aiki. Cikinta ɗaki huɗu ne, mafi girma shi ne tumbi, wanda a babbar saniya yakan ɗauki lita 100 ko fiye. A cikin tumbin nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda yawansu ya wuce ƙidaya. Su ne ke narkar da ciyawa da kara, abin da cikin ɗan Adam ba ya iyawa. Suna narkarwa suna fitar da waɗansu sinadarai masu tsami da ke ratsa bangon tumbi su shiga jini, kuma daga waɗannan saniya ke samun wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta. Ɗaya daga cikinsu, wanda ciyawa ke bayarwa, shi ne tushen man da ke cikin nono. Wani kuma, wanda dusa da hatsi ke ƙarawa, hanta ce ke mayar da shi sukarin jini, hantsa kuma ta mayar da shi sukarin nono, wanda gwargwadonsa ne yawan nono ke zuwa. Su kansu halittun, idan suka gangara cikin hanji, saniya takan narkar da su ta sami furotin, watau sinadarin gina jiki.

Saboda haka mai ciyar da saniya, a haƙiƙa, halittun tumbinta yake ciyarwa. Abu uku suke bukata. Na farko furotin a cikin abinci, domin su hayayyafa. Na biyu, kada tsamin tumbi ya wuce kima, kuma abin da ke kashe tsamin shi ne yawun saniya, wanda ke zuba da yawa sa'ad da take tuƙa. Lafiyayyar saniya takan yi tuƙa na wajen awa 8 a yini da dare, babbar saniyar madara kuma takan haɗiye yawu fiye da lita 100 a rana. Na uku, kada a sauya musu abinci farat ɗaya, domin sukan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin su saba da sabo.

Ruwa ma abinci ne. Kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma kafin a sami lita ɗaya ta nono sai jini lita 400 zuwa 500 ya ratsa hantsa. Saniyar gida mai shayarwa takan sha lita 30 zuwa 50 a ranar zafi, mai jinin waje kuwa takan wuce haka nesa. Wadda ba ta sha ta ƙoshi ba, ba za ta ci ta ƙoshi ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

ABIN DA RANI KE YI

Ɗanyar ciyawar farkon damina tana da furotin kashi 10 cikin 100 ko fiye. Da ta tsufa ta fitar da kai ta bushe, sai ya sauka zuwa kashi 2 ko 4. Bincike ya nuna cewa idan furotin ya gaza kashi 7, halittun tumbi sukan yi rauni, abinci ya daɗe bai narke ba, saniya ta kasa cin wani. Shi ya sa akan ga saniya da rani cikinta tim da busasshiyar ciyawa, amma kullum ƙara ramewa take yi. Daga hunturu zuwa bazara shanu sukan zubar da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsu, ga kuma doguwar tafiyar neman kiwo da ruwa, wadda ita ma cin ƙarfi take yi.

Bijimi ko saniyar da ba ta da ciki sukan jure wannan, su mayar da jikinsu da damina. Mai tsohon ciki da mai shayarwa ba su da wannan dama. Saniya mai nauyin kilo 300 da ke ba da lita 7 a rana, har da wanda maraƙi ke sha, tana bukatar kusan ninki biyu na abin da za ta bukata in ba ta shayarwa.

MAKONNI SHIDA MASU HAƊARI

Saniya takan yi wata 9 da 'yan kwanaki da ciki. Fiye da kashi biyu cikin uku na girman ɗan tayi a watanni ukun ƙarshe yake samuwa. A daidai lokacin nan da bukatarta ke hauhawa, cin abincinta raguwa yake yi, saboda ɗa ya matse tumbi, kuma sinadaran jikinta na shirin haihuwa suna rage mata sha'awar abinci. A kwanakin ƙarshe abin da take ci yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Da ta haihu sai bukata ta ƙara tashi. Nono yakan kai ƙololuwarsa tsakanin mako 4 da mako 8 bayan haihuwa, amma cin abinci ba ya komawa sosai sai bayan mako 10 ko fiye. Tsakanin nan akwai giɓi. A shekarar 1980 waɗansu masana biyu na Jami'ar Kwanel ta Amurka, Bauman da Currie, sun bayyana yadda jikin saniya ke cike giɓin: yakan karkatar da sukarin jini da sauran abubuwan gina jiki zuwa hantsa, ya narkar da kitse da tsoka, ya fifita nono a kan bukatar ita kanta saniyar. Daga baya masana suka keɓe mako 3 kafin haihuwa da mako 3 bayanta a matsayin lokacin da ya fi kowane haɗari, domin yawancin cututtukan shanun madara a nan suke tsirowa.

Ɗan narkewar jiki bayan haihuwa ba laifi ba ne, haka halittarta take. Illar tana zuwa ne idan ya wuce kima. Saniyar da ta shiga haihuwa a rame ba ta da abin ɗiba, sai nono ya ƙafe da wuri. Har ila yau jikinta yakan jinkirta neman bijimi, domin ƙwaƙwalwa ba ta sakin sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna sai ta ji jiki ya fara murmurewa. Wannan shi ne babban dalilin tazarar shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Domin a sami maraƙi kowace shekara, lalle ne saniya ta ɗauki ciki cikin wata uku bayan ta haihu.

CUTUTTUKAN DA ABINCI KE HAIFARWA

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira kitosis. Idan kitse ya narke da sauri ya yi wa hanta yawa, takan kasa ƙona shi duka, wani ya taru a cikinta, wani ya zama sinadarai masu cutarwa a jini. Saniya takan ƙi dusa, nono ya ragu, kashinta ya bushe, numfashinta ya yi wani wari mai zaƙi-zaƙi. Ya fi kama shanu masu yawan nono a makonnin farko bayan haihuwa, musamman waɗanda suka haihu da ƙiba mai yawa, domin mai ƙiba ta fi kowace ƙin abinci. A lura, ƙiba ma haɗari ce kamar rama.

Na biyu shi ne zazzaɓin nono. Sunan yana ruɗarwa, domin jikin saniya sanyi yake yi, har kunnuwa. Tun wajen 1925 masana a Birtaniya suka gano cewa ƙarancin kalsiyam ne a jini. Kowace lita ta nono tana ɗauke da fiye da giram ɗaya na kalsiyam, dakashi kuwa kusan ninki biyu, kuma idan ƙashi da hanji ba su saki nasu da sauri ba, jini yakan ƙare. Cikin kwana uku bayan haihuwa saniya takan fara rawar jiki da tangaɗi, daga nan ta kwanta ta karkatar da kai wajen haƙarƙari ta kasa tashi. Ba kasafai yake kama shanun gida ba, ya fi aukuwa ga masu jinin waje da suka yi haihuwa uku ko fiye. Maganinsa allurar kalsiyam ce ta jijiya, wadda likita ko malamin dabbobi kaɗai ya kamata ya yi, domin in aka yi ta da gaggawa tana iya tsayar da zuciya. Kada a ɗura wa saniyar da ke kwance komai ta baki, don ba ta iya haɗiya sosai, abin yana iya wucewa huhu. Masu shanun da ke da jinin waje su janye musu kanwa a makonni ukun ƙarshe na ciki, domin yawanta a lokacin yana hana ƙashi sakin kalsiyam.

Na uku shi ne tsamin tumbi. Yakan faru idan aka cika wa saniya masara ko dawa ko garin rogo farat ɗaya, ko ta ɓalle ta shiga rumbu. Tsami yakan yi yawa ya kashe halittun da ke narkar da ciyawa, saniya ta daina tuƙa, ta yi zawo, man nono ya ragu, daga baya kofato ya yi ciwo ta riƙa ɗingishi. Mai tsanani yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Na huɗu shi ne ƙarancin fosfaras, sinadarin da ƙasar noma da ta kiwo a yawancin Afirka ta Yamma ba ta wadace da shi ba. Wajen shekarar 1920 likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano a Afirka ta Kudu cewa wannan rashi ne ke sa shanu tauna ƙasusuwan mushe, har su kwashi gubar da ke shanye musu jiki. Duk wanda ya ga saniyarsa na cin ƙashi, ko ƙasa, ko tsumma, to jikinta ne ke neman abin da ya rasa. A wannan zamani abin ya ƙara muni saboda leda, wadda ke dunƙulewa a tumbi ta hana abinci wucewa, kuma ba ta fita sai da tiyata. Kanwa da gishirin gida suna da amfaninsu, amma ba su da fosfaras na a-zo-a-gani. Ana samunsa a dusar alkama, da dusar angurya, da gishirin lasa na dabbobi wanda aka haɗa da shi.

Bayan waɗannan, yunwa tana raunana garkuwar jiki. Saniyar da ta haihu a galabaice ta fi saurin maƙalewar mabiyiya, da ruɓar mahaifa, da ciwon hantsa. Sammore da tsutsar hanta da cututtukan kaska sun fi kayar da ita. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana sarrafa alluran rigakafi, kuma wajibi ne a yi su a kan kari. Amma rigakafi ya fi kama jikin da ya ƙoshi.

YADDA AKE KARANTA JIKIN SANIYA

Ba kowa ke da ma'aunin nauyin shanu ba, amma kowa yana da ido da hannu. Masana sun tsara awon jiki mai mataki 5. Mataki na 1 ita ce ƙasusuwa zalla, mataki na 5 kuma wadda kitse ya rufe ko'ina. Abin da ake so shi ne saniya ta haihu tana kan mataki na 3 ko ɗan sama kaɗan. Alamarta ita ce ƙashin baya ba ya tsini, haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe kaɗai ake gani, kuma gindin wutsiya bai rafke ba. A riƙa dubawa sau ɗaya a wata, musamman wata uku kafin haihuwa, domin a lokacin akwai sauran damar gyara. Idan saniya ta zubar da fiye da mataki ɗaya cikin wata biyu bayan haihuwa, abincinta bai isa ba.

Tuƙa ma ma'auni ce. Idan shanu suna kwance suna hutawa, ya kamata a ga rabinsu ko fiye suna tuƙa. Saniyar da ta haihu ta kuma ƙi tuƙa ko ta ƙi abinci yini guda, a nemi malamin dabbobi ba tare da ɓata lokaci ba.

TANADIN ABINCI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abincin bazara tun ƙarshen damina ake shirya shi. Saniya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 2 da rabi zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a rana, watau kilo 7 da rabi zuwa 9 ga mai nauyin kilo 300. Da wannan mai garke zai iya lissafin abin da zai tara.

A yanki gamba da kyasuwa daidai lokacin da suka fara fitar da kai, a shanya kwana biyu ko uku, a adana ingiricin a inuwa. Wanda aka bari ya bushe a tsaye ya riga ya zubar da amfaninsa. A tattara harawar gyaɗa da ta wake tun ganyen bai kakkaɓe ba, domin suna da furotin ninki biyu ko uku na karan dawa. A tsince 'ya'yan gawo a ajiye, a kuma bar itacen ya rayu, domin shi ne ke fitar da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka zubar. Karan dawa da na masara a daddatsa su ƙanana, don kada saniya ta tsince karmami ta tattake saura.

Masanan ILCA sun gwada wata dabara a Kaduna, watau gandun ciyawa: a killace fili kamar hekta 4 kusa da ruga, a shuka ciyawar sitailo, wadda dangin wake ce, a riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa a ciki na awa biyu ko uku a rana da rani. Wake mai yaɗo da ake kira lablab shi ma yana yin wannan aiki, kuma dukansu biyu suna ƙara wa ƙasa albarka.

Ga wanda zai sayi abinci, kilo ɗaya na dusar angurya a rana, watau abin da ya rage bayan an tatse man, yana farfaɗo da halittun tumbi har saniya ta ƙara cin kara. Ga shanu masu yawan nono, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kilo ɗaya na haɗin dusa ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi. A fara bayarwa kaɗan-kaɗan mako uku kafin haihuwa, kada ƙari ya wuce rabin kilo a rana, a raba shi safe da yamma, kuma ciyawa ta kasance aƙalla rabin abin da saniya ke ci. A daina tatsarta wata biyu kafin ta haihu, domin hantsa ta huta ta sabunta.

Idan abinci bai isa garke duka ba, kada a raba shi daidai wa daida. A fara da masu ciki na wata biyun ƙarshe, da waɗanda ba su wuce wata uku da haihuwa ba, sa'an nan maruƙa. Tsofaffin shanu da waɗanda suka daina haihuwa gara a sayar da su da kaka suna da jiki, a sayi abincin saura da kuɗin, da a riƙe su har bazara ta mayar da su fata da ƙashi.

GARGAƊI BIYU

Na farko a kan abinci mai fumfuna ne. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci garin gyaɗa, binciken da ya biyo baya kuma ya gano gubar aflatoksin da fumfuna ke fitarwa. Gubar tana lalata hanta, wani sashenta yana ratsawa cikin nono, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Ƙuli-ƙuli ko masara ko dusar da ta yi danshi ta yi fumfuna ba abincin saniyar tatsa ba ne, komai arharta, domin yara ne za su sha abin da ya fito.

Na biyu a kan takin yuriya ne. Halittun tumbi suna iya mayar da shi furotin, kuma akan inganta kara da shi: a narkar da kilo 4 a ruwa, a yayyafa wa yankakken kara kilo 100, a rufe ruf na mako uku, a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Amma idan saniya ta lashi takin zalla ko ta sha ruwansa, tana iya mutuwa cikin awa guda. Kada kowa ya fara wannan aiki sai malamin gona ya nuna masa da hannu, kuma ba a ba ƙananan maruƙa.

HAKKIN MARAƘI

Maraƙi yakan zo duniya ba shi da garkuwar cuta, daga dakashi yake samunta. Hanjinsa yana iya tsotse garkuwar ne a awoyin farko kaɗai, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Lalle ne ya sha ya ƙoshi cikin awa 6 na farko, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, watau wajen lita 2 ga ɗan Bunaji. Uwar da ta sha yunwa da ciki takan kawo dakashi kaɗan, ɗanta kuma ya fito ba ƙarfi.

A nan magana ta zo kan matan ruga, domin su ne masu ƙwarya, kuma da kuɗin nono ake cefanen gida. Bukatar gaskiya ce. Amma a watanni biyun farko tumbin maraƙi bai gama ƙosawa ba, nono ne babban abincinsa. Idan aka tatse uwa ƙarƙaf, an sami kuɗin yau, an kuma tauye karsanar da za a tatsa nan da shekara huɗu. Hanyar da za ta raba gardamar ƙwarya da maraƙi ita ce maigida da uwargida su haɗa kai a ƙara wa uwar abinci, ko da daga cikin kuɗin nonon ne.

KAMMALAWA

Masu sha'awar shanu masu jinin waje su sani cewa duk abin da aka faɗa ya fi tsanani a kansu. Bukatarsu ta fi yawa, zafi yana rage musu cin abinci, kuma ba sa rage nono don su ceci jikinsu. Wanda bai tanadi ciyawa da ruwa da inuwa ba, ya fara da gyara kiwon Bunajinsa tukuna.

Kowane mai garke ya koma gida ya ƙirga shanunsa masu ciki, ya ƙiyasta watan da kowace za ta haihu, ya shafa bayanta ya ga matakin da take, sa'an nan ya duba ko abin da ya tara zai kai ta damina. Inda ya ga giɓi, ya tuntuɓi malamin gona ko ofishin dabbobi mafi kusa tun saniya tana tsaye da ƙafafunta.

Allah ya albarkaci dukiya, ya ba da damina mai albarka, ya ƙara wa ƙasa zaman lafiya da wadata.